Dawar da Ba Ta Ga Dare Ba

Duk wanda ya bi ta hanyar bayan gari a Kontagora cikin watan Oktoban nan ya ga dawar Na'inna, don ba ta ɓoyuwa. Ta wuce katangar bulo, ta wuce rufin kwanon maƙwabta, ganyenta kore shar kamar an shafa masa mai. Masu wucewa kan tsaya su ce masha Allah, sannan su ɗaga kai su duba sama, sai su kama gabansu. Ko zangarniya ɗaya babu. Dawar kowa ta yi ciki ta fitar da kai har bununi ya fara zuba, ita kuwa tasa sai ƙara tsawo take yi, kamar wadda aka ce za a ba ta kyauta in ta taɓo girgije.

Na'inna kansa ya gaji da ɗaga kai. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya bi kunya-kunya, ya tanƙwaro kara a hankali, ya lalubi samansa ko zai ji ɗan kumburin da ke nuna an ɗauki ciki. Ba ya jin komai sai ganye a kan ganye. Sai ya saki karan ya miƙe, shi kuma ya koma kan benci ya zauna har rana ta taɓa ƙafarsa.

Da dawar kasuwa ce da tuni ya sare ta ya huta. Amma wannan 'Yar Dudu ce, irin da kakarsa Dudu, wata 'yar Kambari, ta zo da shi cikin kayan aurenta zuwa ƙauyensu da ke bayan Beri. Ja ce, ƙwayarta da tauri, ƙwari ba sa samun yadda suke so da ita a rumbu, tuwonta kuma yakan kwana ya wayi gari bai saki ruwa ba. Tun Na'inna yana yaro babu wanda ya taɓa tunanin za ta ƙare, don ko wane gida a ƙauyen yana da ita. Sai ga shi shekara uku da suka wuce 'yan bindiga sun shigo musu ta cikin gonaki, cikin duhu, lokacin dawa ta rufe mutum. Aka ƙone rumbuna, gari ya watse. A wannan dare Na'inna da matarsa suka rasa babban ɗansu, wanda tun yana raye ba sa kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, yanzu kuma ba sa kira saboda wani dalilin. Abin da matarsa Ruka ta iya fizga da za su gudu shi ne zangarniya uku da ta rataye a saman murhu don hayaƙi ya tsare su.

A Kontagora wani dillalin hatsi, Alhaji Muhyiddin, ya ba su kangonsa su zauna su tsare masa fili kafin ya sami halin ƙarasa gini. Filin yana da ɗan faɗi, kuma manomi ba ya ganin ƙasa zaune ya bar ta. Shekarar farko awakin unguwa suka cinye fiye da rabi. Shekara ta biyu ta yi kyau har Na'inna ya fara fira da mutane, sai saura kwana uku a yi girbi wasu suka haura katanga suka yanke kawunan kaf. Abin da ya tsinta a ƙasa, ƙwaya-ƙwaya, bai wuce cikin gwangwanin madara ba. Shi ne ya shuka bana, bai bar ko ƙwaya ɗaya a gida ba. In wannan ba ta yi ba, 'Yar Dudu ta ƙare a duniya, kuma a hannunsa ta ƙare.

Autansu Lukuman, da ke aikin haɗa sola a Minna, shi ya kawo maganin ɓarayi. Da farkon damina ya zo da wata ƙatuwar fitila irin ta bakin titi, ya kafa mata dogon ƙarfe a tsakiyar fili. Ba a kunna ta, ba a kashe ta. Da magariba ta yi sai ta kama da kanta, fari tas, har allura ka yar za ka gani, ba ta mutuwa sai gari ya waye. Na'inna ya yi murna da ita fiye da yadda ya dace da dattijo. Duk baƙon da ya zo sai ya tsayar da shi har magariba don ya ga yadda ƙarfe ya san dare ya yi.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun daren da suka gudu bai sake barcin kirki a cikin duhu ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Iska in ta kaɗa ganyen dawa a duhu, shi ƙafafun mutane yake ji. Da fitilar nan ta zo, in ya farka sai ya leƙa ya ga kowane kara tsaye a wurinsa, babu kowa a bayansa, sai ya koma ya kwanta. Rabon da ya sami irin wannan sauƙi har ya manta.

Ruka kuwa ita fitilar ta zame wa masifa. Tagar ɗakinta babu ƙyaure, buhu ne kawai aka rataya, hasken ya riƙa ratsowa ya sauka daidai kan fuskarta. Ta juya gado, bai yi ba. Ta rufe kai da mayafi, zafi ya hana ta. Ta ce a rage hasken, Na'inna ya ce ba a rage shi, haka Bature ya yi abinsa. Da ta ga magana ba ta ci ba sai ta sayo tsohon zana a kasuwa, ta kafa shi da sanduna taku uku daga tagarta. Tushe bakwai na dawa suka faɗa bayan zanan, tsakaninsa da bango. Na'inna ya yi ta mita kwana biyu cewa ta tsare masa wurin da ɓarawo zai laɓe. Ta ce ɓarawon da zai laɓe a ƙarƙashin tagarta sai ya fara gaishe ta tukuna, tunda ko da zanan ba wani barci take samu ba. Daga nan suka bar maganar, kowa ya riƙe tasa a ciki.

Da lokacin fitar kai ya zo ya wuce, masu shawara suka yi ta zuwa, don mai ba da shawara ba ya rasa ta tunda ba gonarsa ba ce. Wani ya ce taki ya yi yawa. Wani ya ce irin ƙauye ba ya son ƙasar birni. Wani tsoho a masallaci ya ce bakin mutane ne, yawan yabo ya kama ta. Na'inna ya daina zuba taki, ya barbaɗa toka, ya karɓo tofi ya yayyafa a kusurwa huɗu. Dawa ta karɓi komai da godiya, ta ƙara ganye biyu. Ko wace Juma'a kuma ƙanensa Bashiru yakan bugo waya daga Tungan Magajiya, inda shi da sauran 'yan ƙauyen suka fake, ya tambayi lafiyar 'Yar Dudu, ya tuna masa cewa gida shida ne suka sa rai da ko da cikin tafin hannu. Na'inna yakan ce tana nan lafiya. Ba ƙarya ya yi ba, amma in ya ajiye wayar sai ya ji kamar ya yi.

Ran wata Talata da la'asar maƙwabciyarsu Malama Naomi ta shigo mayar wa Ruka da taɓarya. Tsohuwar malamar aikin gona ce, ta koyar shekara talatin a makarantar 'yan mata kafin ta yi ritaya, kuma ta yi makonni tana kallon dawar nan ta saman katanga tana cije baki. Ta san ba a koya wa ɗan gada gudu, ta kuma san yadda manomi ke jin maganar 'yan boko. Amma ranar ta ga yadda dattijon ya zauna ya zuba wa ƙasa ido, sai ta kasa wucewa.

"Malam Na'inna, in faɗi wata magana ba za ka ji haushi ba?"

Ya ce ta faɗa, ai kowa ma ya faɗi tasa.

"Fitilar nan ce."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ranar Allah da ke gasa ta tun safe ba ta hana ta ba, sai wannan 'yar kwalbar? Naomi ba ta yi gardama ba. Ta jawo turmi ta kifa ta zauna, ta tambaye shi, tunda shi ya fi ta sanin dawa, in ya shuka rabin gona da ruwan farko, rabi kuma bayan wata guda, yaushe suke fitar da kai. Ya ce tare, cikin mako ɗaya, wannan ko yaro ya sani. Ubansa yakan ce raɓa suke jira.

"Dare suke aunawa," in ji ta. "In damina ta doshi ƙarewa, dare yana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan. Mu ba mu lura, ita da ganyenta take ji. Ran da ya kai tsawon da take jira, sai ta bar yin ganye ta ɗauki ciki. Taka kuwa tun da ta tsiro ba ta ga dare ko ɗaya ba. A wurinta har yau damina ba ta yi nisa ba."

Na'inna ya ce dawa ba ta da ido. Naomi ta ce gyaɗa ma ba ta da shi, amma ai ya sha ganin yadda take naɗe ganyenta da magariba ta buɗe da safe, wake ma babu mai nuna masa kara amma yakan lalubo shi ya hau. Sannan ta nuna fitilar da haɓa ta tambaye shi wa yake kunna ta. Ya ce babu kowa, ai ita ma ta sani, don tana cikin waɗanda ya taɓa tsayarwa su ga abin mamaki.

"Ka yarda ƙarfe ya san dare ya yi, amma ba ka yarda abin da Allah ya ba rai ya sani ba?"

Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ko yau aka ba ta duhu, sai ta yi kamar kwana arba'in kafin kai ya fito, ruwan sama kuwa ba zai jira ba, ko sau biyu ya ƙara zuwa an gode. Sai dai ya zaɓi kunya ɗaya ko biyu ya riƙa yi musu ban ruwa da hannu, sauran ya haƙura. Kuma duhun sai ya zama cikakke, ba a katse shi, in aka haska ko na ɗan lokaci a tsakiyar dare ƙidayar ta lalace. Ta ce ba ta yi alkawarin za ta yi ba, amma da fitilar nan tabbas ba za ta yi ba.

Ransa ya ɓaci, kuma ya fi ɓaci saboda bai sami inda maganarta ta karkace ba. Ya ce ya gode, amma ita ba ta ga abin da ɓarayi suka yi masa bara ba. Naomi ta tashi ta gyara turmi ta yi sallama. Ruka tana bakin murhu duk ta ji. Sai da ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta juya za ta tafi, sannan ta tsaya ba tare da ta dube shi ba.

"Ba ɓarawo kake tsoro ba, Malam."

Shekara arba'in suna tare ba ta taɓa gaya masa magana mai nauyin wannan ba, kuma a hankali ta faɗe ta, da tausayi, abin da ya sa ta fi ciwo. Ya ci loma biyu ya rufe kwano.

Da safe ya tashi da haushin da bai san inda zai kai shi ba, sai ya kai shi bayan zana. Tushe bakwai ɗin nan tun watan jiya ya lura sun tsaya cak, ko kafaɗar sauran ba su kai ba, ya kuma daina ko dubansu don ya ɗauka inuwa ta kashe su. To ga amsar Malama, in duhu ne magani, ga waɗanda suka sha shi sun zama wadanni. Ya ɗauko adda da niyyar ya share su, ya tumɓuke zanan, kowa ya huta. Ya sari na farko ya jefar. Ya sari na biyu, da ya faɗi samansa ya bugi bango ya tsage.

Wani abu kore-kore mai haske ya leƙo daga cikin tsagar. Na'inna ya sunkuya ya ɓare ganyen da farce. Zangarniya ce, ƙarama, a dunƙule, lallausa kamar gashin jariri, saura 'yan kwanaki ta fito. Ya rarrafa ya ɗauko na farkon ya ɓare, ita ma haka. Ya miƙa hannu ya lalubi sauran biyar ɗin da ke tsaye. Duk da ciki, har ɗaya bakinta ya fara buɗewa.

Ya zauna a ƙasa da kawuna biyu a cinyarsa. Shekara uku yana tsare 'Yar Dudu daga awaki da ɓarayi, ga shi abin da ya fi cutar da ita shi ne tsaronsa, na ƙarshe kuma da addarsa. Bai yi kuka ba, gajiyar ta wuce ta kuka. Ruka ta leƙo ta taga ta ga abin da ke hannunsa, ta zagayo ta ɗauke addar ta kai ɗaki. Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake tana da hakkin faɗa. Ta dawo da tsohon gidan sauro ta fara yayyanka shi, ta ce in kawunan sun fito tsuntsaye ba za su bar su ba.

Biyar dai ba iri ba ne da mutum zai kwanta a kansa. Akuya ɗaya in ta sami ƙofa, ko iska ɗaya mai ƙarfi, shi ke nan. Gida shida kuma na jira a Tungan Magajiya. Na'inna ya yi wannan lissafi a zaune har azahar, sannan ya tashi ya zaɓi kunya biyu mafi kusa da ƙofa, inda ɗaukar ruwa daga famfon unguwa zai fi sauƙi. Ya buga wa Lukuman waya ya tambayi yadda ake kashe fitilar. Yaron ya ce da ɗan rimot ne, kuma yana cikin jakarsa a Minna, me ya faru, ta lalace ne? Na'inna ya ce lafiyarta lau, aikinta ne ya yi yawa.

Ya aro tsani a gidan Naomi. Ita ta riƙe masa ƙafar tsanin ɗaya, Ruka ta riƙe ɗayar, ya hau a hankali da gwiwoyinsa na ƙara. Ya rufe fuskar fitilar da buhu biyu, ya naɗe da tsohon baƙin zanen Ruka, ya ɗaure. Amma ya yi wata dabara da ya ɗauka babu wanda ya gani. Ya yi ɗaurin da zarge, ya bar doguwar igiya tana lilo har ƙasa, yadda in aka ja sau ɗaya komai zai zame haske ya dawo. Matan biyu sun gani sarai. Naomi ta buɗe baki, Ruka ta girgiza mata kai, sai ta rufe.

Magariba ta yi, a karon farko tun watan Mayu filin ya yi duhu tare da sauran gari. Bayan sallar isha Na'inna ya jawo bencinsa gindin ƙarfen ya zauna, ya naɗe bakin igiyar a hannunsa. Ruka ta yi masa sai da safe ta shiga.

Iska ta taso daga gabas. Ganyen dawa ya fara motsi, daga can ƙarshen katanga yana matsowa, kunya bayan kunya, daidai yadda ya yi a wancan dare. Ya san iska ce. Sanin bai hana gumi ya karyo masa ba, bai hana ƙirjinsa bugawa ba. Hannunsa ya matse igiyar har ya ji zargen ya motsa a sama. Ja ɗaya kawai, ya ga kowane kara a wurinsa. Ya kira sunan Allah, sai ya ji bakinsa ya kira wani sunan a bayansa, sunan da bai taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi.

Iskar ta wuce. Daga bayan zana, ta tagar da babu ƙyaure, ya jiyo numfashin Ruka, dogo, mai nauyi, irin na wadda barci ya bi bashin wata biyar ya samu. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya warware igiyar daga hannunsa, ya miƙe, ya dunƙule ta ya cilla sama. Ta harɗe a wuyan ƙarfen, inda ba ta kamuwa sai da tsani, tsanin kuma ya koma gidan masu shi.

Ya koma kan benci ya ja rigarsa ya rufe gwiwa. Can ƙarshen katanga ganye ya sake fara motsi. Daren farko ke nan, saura talatin da tara.